Karatun Digirin Koyar da Yara Ƙanana da 'Yan Firamare: Bayani ga Mutanen Damaga da Kewayenta

Gabatarwa

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin ɗalibai da iyaye da malaman makaranta na Damaga, cikin ƙaramar hukumar Maradun, tare da maƙwabtansu na Talata Mafara da Bakura, waɗanda ke son sanin yadda ake karatun digiri a fannin koyar da yara ƙanana da 'yan firamare. Za mu bayyana abin da wannan digiri ya ƙunsa, da hanyoyin shigarsa, da wuraren da ake samunsa, da kuma abin da ke jiran mai shi bayan ya kammala.

Akwai wani tsohon zato da ya daɗe a tsakanin jama'a, cewa ajin 'yan ƙanana ba ya buƙatar malami mai zurfin karatu, wai duk wanda ya san baƙi da wasali ya isa ya riƙe shi. Wannan zato ne ya sa a makarantu da yawa akan tura malamin da ya fi kowa rauni aji ɗaya, a tara gwanaye a aji shida saboda jarrabawa. Masana ilmi sun daɗe da nuna cewa an juya abin ne. Yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, da wuya gwanin aji shida ya ceto shi, domin duk darasin da ke gaba a rubuce yake. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwara ɗanyen icce shi ya fi buƙatar sanin inda zai kama don kada ya karya.

Dalilin Kafa Wannan Fanni

A shekarar 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun fitar da rahoto cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kimanin kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su gane ma'anarsa. A ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara adadin ya kai kusan kashi 89 cikin ɗari. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum, suna amsa suna, amma karatun bai shiga ba. Ke nan gina aji da sa yaro makaranta rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun wanda ke tsaye a gaban allo.

Wani sanannen bincike da aka yi a Amurka ya ƙara fito da wannan fili. Daga 1962 zuwa 1967, a garin Ypsilanti na jihar Michigan, an zaɓi yara 123 'ya'yan talakawa, aka sa wasunsu a ajin share fage na makarantar Perry, aka bar sauran, sannan aka ci gaba da bin rayuwarsu har suka kai shekara 40. Waɗanda suka shiga ajin sun fi yawan kammala sakandare, sun fi samun abin hannu, kuma ba su kai sauran faɗawa hannun hukuma ba. Abin lura a nan shi ne malaman wannan aji masu digiri ne, yaran da ke hannun kowanne kaɗan ne, kuma sukan ziyarci iyaye a gida kowane mako.

Bisa ƙidayar 2006, ƙananan hukumomin Maradun da Talata Mafara da Bakura a haɗe suna da mutum sama da 600,000, kuma jama'a sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Tsarin ilmi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, da malami ɗaya ga yara 25 a ajin share fage. Duk wanda ya leƙa aji ɗaya a makarantun karkararmu ya san tazarar da ke tsakanin wannan tanadi da abin da ido ke gani.

Taƙaitaccen Tarihin Horar da Malamai

Karantarwa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Zamfara. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a wannan ƙasa a shekarun 1780, kuma garin Faru na cikin wuraren da ya zauna. Daga baya 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ta horar da jajjis, wato mata shugabanni da ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka.

A ɓangaren boko, an buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horar da malamai, kuma a can Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, dukkansu kuma sun riƙe alli kafin su riƙe mulki. A ƙarshen shekarun 1940 Malam Aminu Kano ya shugabanci makarantar horar da malamai ta Maru har ya ajiye aiki a 1950, kuma Malam Abubakar Gumi ya koyar a can a daidai wannan zamani.

Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, a 1976, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka shirya, aka ɗauki malamai da gaggawa, wasu da ɗan horo, wasu babu. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin ta horar da malaman da ke bakin aiki ba tare da sun bar azuzuwansu ba. Shekaru masu yawa takardar malanta mai daraja ta biyu ce ginshiƙin firamare, har aka daina bayar da ita, aka mayar da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar da za a koyar da ita. A ranar 30 ga Satumba, 1999, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya, UBE, a Sakkwato, kuma dokar 2004 ta wajabta ilmin shekara tara kyauta, ta kuma sa kula da yara ƙanana cikin shirin. Bugun tsarin ilmi na ƙasa na 2013 ya ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, wadda jama'a ke kira rabin aji. Wannan ne ya ƙara buɗe ƙofa ga masu digiri a wannan fanni.

Digirin Iri Biyu Ne

Na farko shi ne digirin ilmin yara ƙanana. Yana shirya malami ne domin yaro tun daga haihuwa zuwa kimanin shekara takwas, wato gidan raino, da nazare, da rabin aji, da azuzuwan farko na firamare. Ƙarfinsa yana kan sanin yadda jiki da harshe da hankalin yaro ke girma, da koyarwa ta hanyar wasa, da kula da lafiya da abinci.

Na biyu shi ne digirin nazarin ilmin firamare. Yana shirya malamin aji, wanda zai iya ɗaukar yara daga aji ɗaya zuwa aji shida a yawancin darussa: harshe, lissafi, kimiyya, zamantakewa da fasaha. Ya bambanta da digirin koyar da darasi guda, kamar ilmin sinadarai ko tarihi, wanda aka tsara domin sakandare.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke amincewa da kowane kwas kafin jami'a ta fara shi. A watan Disamba na 2022 ta fitar da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar a ko'ina, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta.

Hanyoyin Shiga

Hanya ta farko ta wanda ya gama sakandare ce. Yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamanciyarsu, ciki har da Turanci, kuma mai son koyar da firamare ba shi da makawa sai da lissafi. Sai ya rubuta jarrabawar hukumar JAMB, wadda ake yi a kwamfuta, darussa huɗu, Turanci dole ne a ciki, jimillar maki 400. Ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. Wanda ya shiga ta nan zai yi shekara huɗu.

Hanya ta biyu ita ce shiga kai tsaye, wadda aka fi sani da DE. Ta mai takardar NCE ce ko makamanciyarta, kuma ita ta fi dacewa da malaman da ke bakin aiki. Ba ya rubuta jarrabawar JAMB, amma dole ya yanki fom ɗinta, kuma hukumar takan tantance sakamakonsa daga kwalejin da ya gama. Zai fara daga aji biyu, ya yi shekara uku.

Hanya ta uku ita ce karatu daga nesa ko na wucin gadi, kamar na ƙarshen mako da na dogon hutu. Yakan ɗauki lokaci fiye da na zaman makaranta, amma malami ba ya barin aikinsa ko gonarsa.

Wanda kuma ya riga ya yi digiri a wani fanni, ya ga yana son koyarwa, sai ya yi babbar difloma ta ilmi, PGDE, wadda galibi shekara ɗaya ce.

Muna jan hankalin masu nema ga abubuwa uku, domin ba a fafe gora ranar tafiya:

1. Su tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a takardar firamare da ta sakandare da ta NIN. Saɓanin harafi ɗaya kan riƙe mutum shekara guda.

2. Su duba kundin kwasa-kwasai na JAMB na shekarar da suke nema, domin sharuɗɗa da mafi ƙarancin maki kan canza.

3. Su sani cewa gurbin karatun da bai bi ta shafin ba da gurbi na JAMB ba, wato CAPS, ba shi da inganci, ko da an biya kuɗi an shiga aji. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi ta bayan gida, a guje shi.

Inda Ake Karatun

A da, ɗan wannan yanki da ke son digiri sai ya nufi Sakkwato ko Zariya ko Kano. Yanzu abin ya matso kusa. Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, wadda NUC ta amince da kafuwarta a 2018, ita ce mafi kusa da Damaga, kuma ilmin yara ƙanana da nazarin ilmin firamare suna cikin kwasa-kwasanta. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana da kwasa-kwasan ilmi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da aka kafa a 1975, tana da tsangayar ilmi wadda ta horar da malamai da yawa na tsohuwar Jihar Sakkwato tun kafin a yanke Zamfara daga cikinta a 1996. Haka nan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna da manyan tsangayoyin ilmi, kuma an ɗaukaka tsofaffin kwalejojin ilmi na tarayya da ke Kano da Zariya zuwa jami'o'in ilmi.

Ga mai son karatu daga nesa, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana ba da digirin nan guda biyu, kuma tana da cibiya a Gusau. Cibiyar NTI ma tana gudanar da karatun digiri tare da haɗin gwiwar NOUN.

Wanda ya ga ya fi masa sauƙi ya fara da NCE, akwai Kwalejin Ilmi ta Jihar Zamfara da ke Maru, a kan hanyar Gusau zuwa Talata Mafara, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha a Gusau, wadda ta mata ce zalla. Har ila yau, wata doka ta 2023 ta ba kwalejojin ilmi na tarayya da suka cika sharuɗɗa damar ba da digiri da kansu tare da NCE.

Abin da Ake Koyo

A shekarar farko ana aza harsashi: tarihin ilmi, falsafarsa, halayyar ɗan Adam, Turanci, amfani da kwamfuta da ɗakin karatu. Daga shekara ta biyu ake shiga zuciyar fannin.

Ɗalibi zai san magabatan wannan ilmi. Friedrich Froebel, Bajamushe, shi ya raɗa wa ajin ƙanana sunan lambun yara a 1840, yana ganin wasa shi ne aikin yaro na gaskiya. Maria Montessori, likita 'yar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, ta yi kujeru da kayan aiki daidai tsayin yaro, ta bar shi ya koya da hannunsa. Jean Piaget, ɗan Suwizalan, ya nuna cewa hankalin yaro mataki-mataki yake tafiya. Idan aka juye tiyar gero daga faffaɗar ƙwarya zuwa dogon gwangwani a gaban ɗan shekara huɗu, zai ce geron ya ƙaru, domin ido yake bi. Sai ya kai wajen shekara bakwai yake gane cewa yawan bai canza ba. Malamin da ya san haka ba zai daki yaro a kan abin da lokacinsa bai yi ba. Lev Vygotsky, ɗan Rasha, ya ƙara da cewa koyo ya fi kamawa a kan aikin da ya ɗan fi ƙarfin yaro shi kaɗai, amma yake iyawa idan babba ko ɗan'uwansa ya ɗan tallafa masa.

Babban darasi shi ne koyar da karatu. Ana koya wa malami yadda zai sa yaro ya ji sautukan da ke cikin kalma, ya haɗa kowane sauti da harafinsa, ya gina gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma, daga kalma zuwa jimla mai ma'ana. Rubutun Hausa yana da sauƙi ta nan, domin galibi yadda aka rubuta haka ake faɗa. Amma akwai wuraren tuntuɓe: haruffa masu ƙugiya irin su ɓ da ɗ da ƙ, da masu goyo irin su sh da ts da gw. Akwai kuma bambancin karin harshe. Yaron Damaga da ya tashi yana cewa biyat da tahiya, zai tarar an rubuta biyar da tafiya a littafi. Malami mai horo ba zai ce masa harshen gidansu kuskure ne ba. Zai nuna masa cewa ga yadda ake faɗa a gida, ga kuma yadda aka daidaita a rubuce. Haka nan zai amfana da abin da yaro ya zo da shi daga makarantar allo, inda ya riga ya saba da bin babbaƙu kafin farfaru.

An gwada irin wannan koyarwa a jiharmu. Shirin RANA na karatu da lissafi, wanda asusun UNICEF ya gudanar da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohin Katsina da Zamfara daga 2015, ya samar da littattafan Hausa na azuzuwan farko, ya kuma horar da malamai a kan amfani da su.

Batun harshen koyarwa ya sha canji. Tsarin ilmi na ƙasa ya daɗe yana cewa a koyar da harshen yanki a shekaru uku na farko. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi shekara shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 ministan ilmi ya sanar da soke wannan, aka mayar da Turanci harshen koyarwa. Ko wane tsari ke aiki, yaron da ya shigo aji ɗaya da Hausa yake tunani, ɗan ruga kuma da Fulatanci, don haka malami yana buƙatar ƙwarewa a harshen yaro da kuma Turanci, da sanin yadda ake ƙetarar da shi daga wannan zuwa wancan.

Ana kuma koyar da yadda ake ƙirƙiro kayan koyarwa daga abin da ke kusa. Karan dawa da tsakuwa da marfin kwalba sun isa a koyar da ƙidaya, da tarawa da ɗebewa. Yumɓu ya isa a gina haruffa. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici suna buɗe bakin yaro, carafke da langa kuma suna horar da ido da hannu da ƙafa. Yaran da iyayensu ke noman rani a filayen madatsar ruwa ta Bakolori sun san fangali da buhu da mudu, kuma malami mai basira da su zai koyar da awo.

Lafiya da abinci ma darasi ne mai zaman kansa: rigakafi, tsabtar ruwa, alamomin tamowa, da gane yaron da ba ya ji ko ba ya gani sosai, wanda sau da yawa ake yi wa kallon daƙiƙi. Annobar gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara fiye da 400, ta nuna yadda muhalli ke taɓa ƙananan yara kafin kowa, kuma wannan guba takan raunana ƙwaƙwalwar waɗanda suka tsira.

Kafin a kammala, dole ɗalibi ya fita gwajin koyarwa, wanda aka fi sani da TP, galibi makonni 12 a haɗe. Zai riƙe aji na gaske, ya rubuta tsarin darasi kullum, malamansa na jami'a su zo su zauna a bayan aji su ba shi maki. A shekarar ƙarshe kuma zai rubuta kundin bincike. Muna ba ɗalibanmu shawara su zaɓi matsalar da ke makarantun garuruwansu, kamar raguwar zuwan yara lokacin shuka da girbi, ko dalilin da ke sa 'yan mata barin makaranta kafin aji shida. A yawancin jami'o'i ana auna sakamako a kan maki biyar: daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, daga 3.50 daraja ta biyu babba, daga 2.40 daraja ta biyu ƙarama.

Kuɗin Karatu

Kuɗin rajista ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, kuma yakan canza, don haka a nemi adadinsa daga makarantar kanta. Bayansa akwai kuɗin ɗaki, da abinci, da littattafai, da mota, da hidimar gwajin koyarwa, wadda ɗalibai da yawa kan manta da ita a lissafi.

A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a dokar bashin karatu, kuma asusun NELFUND ya fara karɓar masu nema a watan Mayu na shekarar. Bashin ba shi da kuɗin ruwa, na ɗaliban makarantun gwamnati ne, ana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, kuma ana fara biyansa shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Akwai kuma hukumar ba da tallafin karatu ta jiha a Gusau. Malamin da ke bakin aiki kuwa, ya nemi izinin ƙaro karatu a rubuce ta hannun hedimasta da sakataren ilmi na ƙaramar hukuma zuwa hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, tun kafin ya tafi. Tafiya ba izini takan jawo tsayar da albashi.

Bayan Kammalawa

Digiri shi kaɗai bai mayar da mutum malami a idon doka ba. Sai ya yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa a 1993, ya ci jarrabawarta ta ƙwarewa, ya karɓi lasisi wanda ake sabuntawa lokaci-lokaci. Hukumar ta kasa malamai aji huɗu: masu digirin digirgir, masu digiri na biyu, masu digiri na farko, da masu NCE.

A aikin gwamnati mai NCE kan fara daga mataki na 07, mai digiri daga mataki na 08, kuma hanyar ƙarin girma ta fi buɗe masa. Dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Mai wannan digiri zai iya zama malamin aji, ko hedimasta, ko mai duba makarantu, ko mai horar da malamai. Ana buƙatarsa a makarantun Islamiyya da na tsangaya da aka haɗa da boko, da makarantun 'ya'yan makiyaya waɗanda ke da hukumarsu tun 1989, da makarantu masu zaman kansu. Wanda ya ƙara digiri na biyu zai iya koyarwa a kwalejin ilmi.

Ƙalubalen da Ya Kamata a Sani

Na farko shi ne tsaro. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021, an sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako su bayan 'yan kwanaki. A ranar 1 ga Satumba na shekarar an sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar sakandare ta Kaya, cikin Maradun, har aka rufe makarantun jihar na wani lokaci. Idan hanya ta yi wuya, malamin da ke zuwa daga nesa shi ke fara ɗaukewa, ɗan gari kuwa yana nan tare da yaransa. Bugu da ƙari, yaron da ya ga tashin hankali ko ya yi gudun hijira yakan zo aji da tsoro da rashin natsuwa, kuma sanin yadda za a lallaɓa shi yana cikin abin da wannan digiri ke koyarwa. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilmi a watan Nuwamba na 2023, amma ginin da aka gyara ba ya koyar da kowa sai an samu wanda zai tsaya a cikinsa.

Na biyu shi ne ƙarancin malamai mata a karkara. Iyaye da yawa sun fi sakin jiki su tura 'ya mace makarantar da ke da malama. Saboda haka ne shirin ilmin 'ya'ya mata na UNICEF, wanda Zamfara ta shiga zagayensa na uku a 2012, ya ɗauki nauyin matan karkara su yi NCE bisa sharaɗin su koma ƙauyukansu su koyar. Muna kira ga iyaye da mazaje su ba irin waɗannan mata dama su ƙarasa zuwa digiri, tunda ga jami'a a Talata Mafara, ga kuma karatu daga nesa ga wadda hidimar gida ta riƙe.

Na uku shi ne gudun firamare. Sau da yawa malami na karɓar digiri sai ya fara neman a mayar da shi sakandare ko ofis, yana ganin ya wuce zama da masu majina. Idan kowa ya yi haka, jiha ta kashe kuɗi, iyali sun yi haƙuri, amma aji ɗaya yana nan yadda yake. Likitan yara ba ya jin ya gaza likitan manya, kuma haka ya kamata malamin yara ya ɗauki kansa, jama'a ma su ɗauke shi.

Kammalawa

Wanda ke son wannan karatu ya fara da tambayar kansa ko yana da haƙurin maimaita harafi ɗaya sau ashirin ba tare da ya ɗaga murya ba. Idan yana da shi, sai ya gyara takardunsa, ya zaɓi hanyar da ta dace da halinsa, ya tabbatar NUC ta amince da kwas ɗin a makarantar da ya nufa. Ga masu neman ƙarin bayani, ofisoshin ilmi na ƙananan hukumomin Maradun da Talata Mafara da Bakura, da ofishin JAMB na Gusau, su ne wuraren da ya dace a fara tuntuɓa. Fatanmu shi ne a wayi gari kowace makarantar firamare a Damaga da kewayenta tana da ɗan gari ko 'yar gari mai digiri a wannan fanni, kuma hedimasta ya damƙa masa aji ɗaya.